Kafintocin Madera da ƙaramar gitar ta Hawai

 

Hirarmu ta yau a kan wata sana'ar hannu ce, sana'ar ƙera kayan kiɗa masu tsirkiya. Kowa a cikinku ya san gurumi da molo da goge. Da yawanku kun ga gitar, wadda wasu ke kira jita, a hannun samari ko a wajen biki. To, gitar tana da wata ƙanwa da ba a cika ganinta a ƙasarmu ba. Sunanta ukulele. Ku karanta sunan a hankali, gaɓa-gaɓa: u-ku-le-le. Tsirkiyarta 4 ce, ta gitar kuwa 6. Tsawon ƙaramarta wajen santimetir 53, wato kamu ɗaya da ƴan kai. Yaro ma yana iya rungumarta.

An haife ta a Hawai. Hawai tsibirai ne a tsakiyar tekun Fasifik, kusan kilometir 4000 daga gaɓar Amurka. Babban birninsu Honolulu. Don ku gane nisan wurin, idan ƙarfe 12 na rana ta yi a Yamai, a Honolulu ƙarfe 1 ce ta dare. Yau Hawai jiha ce a cikin Amurka, tun 1959. A zamanin da labarinmu ya fara, ƙasa ce mai sarkinta.

Yadda aka faro

A cikin tekun Atilantika, yamma da Maroko, akwai wani tsibiri na ƙasar Fotugal, ana ce masa Madera. A shekarun 1870 talauci ya matsa wa mutanensa. Cuta ta lalata gonakin inabi, aiki ya yi wuya. A can Hawai kuma masu gonakin rake suna neman ƴan ƙwadago ido rufe. Sai mutanen Madera suka sa hannu a takardar aiki, suka tafi cin rani mai nisa, irin wanda ba a dawowa da damina.

Wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya ɗauki fiye da mutum 400, maza da mata da yara. A lokacin ba a haƙa mashigin Panama ba, dole jirgin ya zagaya ta can ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu. Sun yi wata 4 a kan ruwa. Sun sauka Honolulu ranar 23 ga watan Agusta 1879.

A cikinsu akwai kafintoci uku: Manuel Nunes, da Augusto Dias, da Jose do Espirito Santo. A garinsu kujeru da akwatuna suke yi. Mutanen Madera suna da wasu ƙananan gitar guda biyu da suke kaɗawa a gida. Ɗaya sunanta mashete, tsirkiyarta 4. Ɗayar kuma ta ɗan fi ta girma, tsirkiyarta 5. Baƙin sun zo da su. Ba a yi sati biyu da saukarsu ba, wata jaridar Honolulu ta ba da labarin kiɗan da suke yi a bakin titi da dare, mutane suna taruwa.

Da wa'adin aikin rake ya cika, kafintocin nan uku suka koma Honolulu, kowa ya buɗe shagonsa a tsakiyar shekarun 1880. Suna yin kayan ɗaki, suna kuma ƙera kayan kiɗa. Sun ɗauki jikin mashete, suka ɗaura mata tsirkiya bisa muryar babbar, suka yi ta da itacen ƙasar da suka tarar. Abin da ya fito shi ne ukulele. A harshen Hawai ana fassara sunan da ƙuma mai tsalle, wai don yadda yatsun makaɗi ke tsalle a kan tsirkiya.

Sarkin Hawai na lokacin, Kalakaua, wanda ya yi mulki daga 1874 zuwa 1891, mutum ne mai son kiɗa da rawa. Ya sa aka riƙa kaɗa ukulele a fadarsa. Kun san abin da fada ta karɓa, gari ya karɓa. Cikin ƴan shekaru kayan baƙi ya zama na ƴan ƙasa.

Ina murya take fitowa?

Kafin mu shiga shagon kafinta, sai ku gwada wani abu a gida. Ku sami zaren kamun kifi, ku ɗaure shi tsakanin ƙusoshi biyu a jikin bango, ku ja shi ya yi tauri, ku taɓa shi da yatsa. Za ku ji ƙara ƴar kaɗan, kamar kukan sauro. Yanzu ku ɗaure wannan zaren a kan ƙwarya da aka rufe da fata. Ƙarar za ta cika ɗaki.

Dalili shi ne, tsirkiya siririya ce, ba ta iya tura iska da yawa. Idan ta girgiza, girgizar tana bi ta ɗan itacen nan da tsirkiya ke hawa, wanda makaɗa ke kira jaki, ta shiga fata. Fata tana da faɗi, ita ke tura iska, iska ta kawo ƙara kunnenku. Ƙwaryar da ramin da ke jikinta suna ƙara wa muryar kauri.

A gitar da ukulele, aikin da fata ke yi a gurumi, siririn katako ne ke yinsa. Shi ne fuskar kayan kiɗan. Kaurinsa wajen milimetir 2, bai kai kaurin ashana biyu ba. Nan duk wahalar sana'ar take. In fuska ta yi kauri, murya ta mutu, sai ka ji kamar ana kaɗa ƙofa. In ta yi siranta da yawa, tsirkiya ta ja ta, ta kumbura ko ta tsage. Ba ƙaramin ja ba ne kuwa. Tsirkiyoyi 6 na gitar mai zaren roba suna jan jikinta da nauyin da ya kusa kilo 40, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi.

Wani kafinta na ƙasar Ispaniya, Antonio de Torres, ɗan Almeriya, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, shi ya daidaita siffar gitar da ake bi har yau. A 1862 ya yi wani gwaji don ya nuna wa mutane abin da ya sani. Ya ƙera gitar da fuskar itace mai kyau, amma bayanta da gefenta ya yi su da kwali. Aka kaɗa ta, ta yi murya. Gitar ɗin tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na birnin Barselona.

A cikin shago

Aikin farko shi ne jira. Ɗanyen itace cike yake da ruwa. In aka ƙera da shi, zai bushe daga baya, ya motse, gam ya saki. Saboda haka mai sana'a yakan yanka katako, ya jera shi a inuwa, da ƴan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya bar shi shekaru. Kuɗinsa ne a kwance ba ya motsi. Ƙaramin mai sana'a da ba shi da jari, wannan jira shi ke fara karya shi.

In katako ya bushe, sai a tsaga shi gida biyu da zarto, a buɗe shi kamar yadda kuke buɗe littafinku, a manna gefe da gefe. Shi ya sa in kun duba fuskar gitar mai kyau za ku ga zanen itacen na dama daidai yake da na hagu. Daga nan a yi ta kankarewa. Mai aikin yakan riƙe katakon da yatsu biyu kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ƙara kankarewa, ya sake ƙwanƙwasawa. Kamar yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta biya. Ba itace biyu da ke da murya ɗaya, ko da daga gindi ɗaya aka yanko su. Injin masana'anta yana yanka kowane katako kauri ɗaya. Mai aikin hannu kuwa kowane katako yana ba shi kaurin da ya dace da shi. A ganina wannan shi ne babban abin da mai saye ke biya.

A bayan fuska, ta ciki inda ido ba ya gani, ana manna ƴan siraran sanduna don su tallafe ta. Torres yakan jera 7, a baje kamar yatsun hannu. Su ma ana fere su kaɗan-kaɗan har murya ta buɗe.

Gefen kayan kiɗan yana da lanƙwasa kamar ƙugu. Ba sassaƙa shi ake yi ba. Ana jiƙa siririn katako, a ɗora shi a kan bututun ƙarfe mai zafi, a riƙa danna shi a hankali. Zafi da tururi suna sa itace ya yi laushi ya bi hannu. In ka yi gaggawa ya karye, in ka daɗe ya ƙone. Almajirin sana'a yakan ɓata katako da yawa a nan kafin hannunsa ya faɗa.

Sai wuya, wato sandar da makaɗi ke riƙewa. Wuyan gurumi sumul yake, makaɗi da kunnensa yake neman wurin sa yatsa. Wuyan gitar da ukulele kuwa yana da ƴan ƙarafa a gicciye, kamar matakan tsani. Kowane mataki yana da muryarsa, kuma ba a sa su da ka. Lissafi ake yi.

Ku ɗauko alli mu yi shi tare. Tsirkiyar ƙaramar ukulele, daga sama zuwa jaki, santimetir 33 ce. Mutanen da suna raba tsawon gida 18. In kun raba 33 gida 18, za ku sami santimetir 1 da milimetir 8. Nan matakin farko zai zauna. Ku cire wannan daga 33, saura santimetir 31 da milimetir 2. Ku sake raba shi gida 18, za ku sami santimetir 1 da milimetir 7. Nan ne mataki na biyu, in an auna daga na farko. Haka za a yi ta yi, tazara tana raguwa. Masu ƙira na yanzu suna raba tsawon da lambar da ta gaza 18 kaɗan, don mataki na 12 ya faɗa daidai tsakiyar tsirkiya, wato santimetir 16 da rabi. Kuskuren milimetir 1 a nan ya isa ya sa kunne ya ji kiɗa ya karkace, kuma duk kyan itacen ya tashi a banza.

Tsirkiya kuma, da can da hanjin tumaki ake murza ta. Daga ƙarshen shekarun 1940 aka koma zaren roba, dangin wanda masunta ke amfani da shi, wanda masu gurumi da yawa a nan ma suka koma gare shi.

Kasuwa ta buɗe, manya suka shigo

A 1915 aka yi wata babbar kasuwar baje koli a birnin San Faransisko na Amurka, don murnar buɗe mashigin Panama. Mutanen Hawai suka kafa rumfarsu, makaɗansu suna kiɗa kullum. Wani mai ƙira ɗan Hawai, Jonah Kumalae, ya sami lambar zinariya a wurin. Amurkawa suka ji, suka so, kowa yana neman ukulele.

Za ku ce kafintocin Honolulu sun warke. To, ba haka abin ya tafi ba. Espirito Santo ya rasu tun 1905, Dias a 1915, Nunes a 1922. Waɗanda suka gaje su sun sami ciniki na ƴan shekaru. Amma manyan kamfanonin Amurka sun ga kasuwa. Kamfanin Martin, wanda ke ƙera gitar tun 1833, ya shiga yin ukulele masu kyau. Masana'antun birnin Shikago kuma suka riƙa fitar da masu araha dubu-dubu. Har wasu suna rubuta sunan Hawai a jikin kayan da bai taɓa ganin Hawai ba. Masu ƙira na tsibirin suka nemi kariya, aka yi musu hatimi da ake bugawa a jikin kayansu, mai kalmar Tabu, wato abin da aka hana. Ku lura da rubutun, b ce, ba ɓ mai lanƙwasa ba. Hatimin ya taimaki mai saye ya gane na asali, amma bai rage kuɗin na asali ba.

A 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye, yayin ukulele kuma ya wuce. Shagunan Honolulu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Daga 1950 wani sabon abu ya zo. Mario Maccaferri, mutumin Italiya da ya zauna a Amurka, wanda shi kansa gwanin ƙera gitar ne, ya fara zuba ukulele da roba a cikin inji, kamar yadda ake zuba bokiti. An sayar da miliyoyi. Kada mu zage ta, yara da yawa a kanta suka koyi kiɗa. Sai dai kafintan da ke ɗaukar makonni a kan guda ɗaya ba shi da yadda zai yi gasar farashi da inji.

Gidan Kamaka

Wani gida ya tsira, kuma yana nan har yau. Samuel Kamaka, ɗan Hawai, ya fara ƙera ukulele a cikin gidansa a 1916. A shekarun 1920 ya fito da wata siffa tasa. Ya bar ƙugun nan na gitar, ya yi jikin a zagaye kamar ƙwai. Abokansa suka ce ta yi kama da abarba, sunan ya bi ta. Lanƙwasa gefenta ya fi sauƙi, muryarta kuma ta fi kauri. A 1928 hukuma ta ba shi takardar shaida cewa siffar tasa ce.

Ya rasu a 1953. Babban ɗansa, shi ma Samuel, yana jami'a a Amurka yana karatun ilimin ƙwari. Ya bar karatun ya dawo gida, ya riƙe shagon. Daga baya ƙanensa Fred ya zo suka haɗu.

A 1955 suka yi abin da ba a saba yi ba a lokacin. Suka ɗauki kurame aiki. Kuna iya tambaya, yaya wanda ba ya ji zai ƙera kayan kiɗa? Ku tuna abin da muka faɗa, murya girgiza ce. Mai ji yana ƙwanƙwasa katako ya saurara da kunne. Kurman nan yana ƙwanƙwasawa ya ji girgizar a yatsunsa, ya san ko kaurin ya yi ko da saura. Ƙarar zarto da injin shago, da ke damun mai ji, shi ba ta dame shi ba. Wasunsu sun yi shekaru da yawa a gidan, sun zama manyan gwanaye. A 2016 gidan Kamaka ya cika shekara 100, jikoki da tattaɓa-kunne suna cikin aikin.

Yayin ukulele ya sake dawowa. A 2006 hoton bidiyon wani makaɗin Hawai, Jake Shimabukuro, ya bazu a intanet, miliyoyin mutane suka kalla, kuma ukulelen Kamaka ce a hannunsa. Yau yawancin masu araha daga masana'antun ƙasar Sin suke fitowa, da siraran katako da aka manna kamar na silin ɗaki. Ana samun irinsu a kan jikka 20 ko 30 na kuɗinmu. Ta hannu, ta itacen asali, tana iya haura jikka 500. Masu sayenta kaɗan ne, amma in ta tsage ana gyara ta, kuma uba yana barin ta ga ɗansa.

Itacen koa

Itacen da kafintocin Madera suka tarar a Hawai sunansa koa. Asalinsa a Hawai kaɗai yake fitowa. Dangi ne na nesa da bagaruwa da gawo, sai dai shi ba shi da ƙaya, kuma yana yin tsawo ƙwarai. Mutanen da suna sassaƙa jirgin ruwa sukutum daga gindinsa guda. Launinsa ja-ja ne kamar zuma, yana walƙiya in an shafa masa mai.

Dajin koa ya ragu sosai. Gatari ya ci nasa, amma dabbobi ma sun yi ɓarna mai yawa. A 1793 wani matuƙin jirgi na Ingila, George Vancouver, ya kawo wa sarki Kamehameha kyautar shanu. Sarki ya hana a yanka su don su yaɗu. Suka yaɗu har suka zama na daji. Saniya tana son ɗanyen tsiron koa. Tsofaffin itatuwa suna mutuwa, ƙanana kuwa ba sa kai ga girma. Manoman Maraɗi da Damagaram da ke kare tsiron gawo a gona daga bakin akuya sun san wannan magana sarai.

Yanzu a Hawai ana kewaye daji da shinge don a hana dabbobi shiga, ana kuma dasa sababbi. Katakon da masu ƙira ke saye, da yawansa daga itatuwan da suka mutu ne ko waɗanda iska ta kayar. Tsadarsa ta sa ƙananan masu sana'a suna komawa ga wasu itatuwa, har da mangwaro, wanda ke ba da murya mai daɗi.

Ga mai gitar a ƙasarmu

Saura magana ɗaya, ga wanda ke da gitar a gida ko ɗansa ke da ita. Kun san da damina fatar gurumi takan saki, sai an shanya ta ko an kai ta kusa da wuta. Gitar kuwa hunturu ne abokin gabarta. Masu ƙira suna haɗa ta a ɗaki mai matsakaicin laima. In ta zo Tawa ko Damagaram, iskar hunturu ta busa, katako yana motsewa, fuska ta tsage, ƙarafan wuya su fito su riƙa yankar yatsa.

Kada a bar ta a rana, ko a cikin mota, ko a jikin bangon da rana ke duka. In an gama kiɗa a mayar da ita jakarta. Da hunturu a jiƙa ɗan tsumma, a matse shi sosai, a sa shi a leda da aka huda, a ajiye a cikin jakar, ba tare da ya taɓa itacen ba. In za a daɗe ba a kaɗa ta ba, a sassauta tsirkiya kaɗan. In kuwa ta riga ta tsage, a kai ta wajen kafinta tun tsagar tana ƙarama, ya sa gam, ya manna ɗan katako ta ciki. Kada a buga mata ƙusa.